Me kifin zebra zai iya gaya mana game da hanji, guba da ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen haɗa magunguna. A wata lacca an gaya mana cewa masu bincike na amfani da wani ɗan kifi, kifin zebra, domin gano yadda bakteriyar hanji ke sa guba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta ƙyale ta. Abin bai shige ni ba. Ina ruwan hanji da ƙwaƙwalwa? Kuma ko da akwai alaƙa, me ya haɗa kifi da ɗan Adam har da za a gaskata sakamakonsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyinki biyu ne, kuma ta biyun ta fi wuya, don haka bari in sallami ta farkon tukuna.

Cewa abin da ke cikin hanji na iya rikita ƙwaƙwalwa ba sabon zance ba ne, likitoci na ganinsa a ɗakin jinya. Mutumin da hantarsa ta lalace sai ki ga ya fara ruɗewa, yana barci da rana yana farke da dare, in ya miƙa hannu yana kaɗawa, in abin ya yi nisa ya fita hayyacinsa. Babban abin da ke jawo wannan shi ne amoniya, wadda kaso mai yawa nata daga hanji take fitowa. Lafiyayyar hanta na tace ta, wadda ta gaza kuwa sai ta bar ta ta wuce sama. To dubi maganin da ake ba irin wannan majiyyaci: laktulos da rifaksimin. Dukansu biyu a cikin hanji suke aikinsu, amma kan mutum ne ke washewa.

Akwai misalin da ya fi wannan kaifi, kuma tsoho ne. A shekarun 1960 wani likita mai suna Gert Laqueur a Amurka yana binciken 'ya'yan wata bishiya da mutanen tsibirin Guam ke yin gari da su. Akwai wani sinadari a ciki mai suna saikasin. In aka ciyar da ɓeraye na yau da kullum da shi, hantarsu na lalacewa, daga baya ciwon daji ya fito. In aka ciyar da ɓerayen da aka raina ba tare da bakteriya ko ɗaya a jikinsu ba, sai sinadarin ya bi ya fice yadda ya shiga, ba abin da ya same su. Dalili shi ne saikasin a kan kansa a ɗaure yake da sukari. Bakteriyar hanji ce ke yanke sukarin ta saki ainihin gubar, kuma wannan guba in aka ba ɓera mai ciki sai ta haifi 'ya'ya masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ke da kike karatun magani kuma kin san levodopa na masu cutar Parkinson. A 2019 ɗakin binciken Emily Balskus a Harvard ya nuna cewa wata bakteriyar hanji, Enterococcus faecalis, na juya maganin ya zama dofamin tun yana hanji, inda ba shi da amfani ga ƙwaƙwalwa, sannan wata bakteriyar, Eggerthella lenta, ta ƙara juya dofamin ɗin zuwa wani abu daban. Wani lokaci kuma taimako suke yi: tun wajen 1980 aka ga cewa ɓerayen da aka kashe wa bakteriyar hanji da magani sun fi tara zaiba a jikinsu, domin wasu bakteriya na sauya nau'in zaibar da ke shiga ƙwaƙwalwa zuwa wanda ke bin bayan gida ya fita.

Ke nan abin da ya shiga baki ba lallai shi ne ke isa ƙwaƙwalwa ba. A tsakani akwai masu taɓa shi, su ƙara masa dafi ko su rage. Wannan ba a jayayya a kansa. Abin da ke da wuya shi ne a gano a kan wane sinadari hakan ke faruwa, wace bakteriya ce ke yi, kuma a wane lokaci na girman yaro abin ya fi illa. Sinadaran da masana'antu ke amfani da su dubbai ne, amma a 2006 da Philippe Grandjean da Philip Landrigan suka tattara waɗanda aka tabbatar suna lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, biyar kacal suka samu, ciki har da dalma da zaiba da asenik. A 2014 suka ƙara shida. Ba wai sauran ba su da illa ba ne, yawancinsu ba a gwada su ta wannan fuskar ba, domin gwajin da ake yi da ɓeraye na cin kuɗi mai yawa da dabbobi masu yawa da lokaci mai tsawo. In aka ce kuma a haɗa da tambayar bakteriya, sai an nemo ɓerayen da ba su da ita, waɗanda ake ciro wa daga mahaifa ta tiyata a raine su cikin rufaffen tanti. Ba kowace jami'a ke iya ɗaukar wannan ba, ko a Turai.

A nan kifin ya shigo. Sunansa na kimiyya Danio rerio, asalinsa ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash da Nepal. Babbansa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da ratsin shuɗi a jikinsa. George Streisinger na Jami'ar Oregon ne ya mayar da shi dabbar bincike, kuma takardarsa ta 1981 ce ta jawo hankalin duniya gare shi. Da aka kammala karanta kundin gadonsa a 2013, an samu kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Amma kada wannan adadi ya ruɗe ki, ba shi ne ainihin dalilin ba. Dalilin shi ne ƙwansa.

Wannan kifi a waje yake zuba ƙwai, kuma ɗan da ke ciki a lulluɓe yake da wani kwanso da bakteriya ba ta cika ratsawa ba. Sai ya ƙyanƙyashe a kwana na biyu zuwa na uku, bakinsa ya buɗe, sannan bakteriyar ruwa ke samun hanyar shiga hanjinsa. Saboda haka in aka wanke bayan ƙwan fes kafin nan, aka sa shi a tsabtataccen ruwa, an sami dabba mai ƙashin baya, mai hanji da hanta da ƙwaƙwalwa, wadda ba ta taɓa haɗuwa da bakteriya ba. John Rawls da Jeffrey Gordon ne suka fara kafa wannan hanya a 2004, kuma a aikin nasu suka ga ƙwayoyin gado 212 da aikinsu ke sauyawa saboda bakteriya, 59 daga ciki kuma haka suke yi a hanjin ɓera.

Bari in nuna miki yadda ake yi, domin in ba ki ga aikin ba ba za ki san inda rauninsa yake ba. Da yamma ake sa mace da namiji a ƙaramin akwatin ruwa, da shinge a tsakaninsu. Da safe in an kunna fitila sai a zare shingen, domin da wayewar gari suke barbara. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 200 ko fiye. Ana kwashe su nan take a jiƙa su na wasu sa'o'i a ruwan da aka zuba wa ampisilin da kanamaisin saboda bakteriya, da amfoterisin saboda fumfuna. Daga nan sai a koma cikin akwatin aiki mai tace iska, a tsoma su a ruwan aidin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari na kamar minti 2, a ɗauraye, a sake tsoma su a ruwan bilic mai kashi 0.003 cikin ɗari na kamar minti 20, a sake ɗaurayewa, sannan a rarraba su cikin kwalabe masu murfin da ke barin iska ta shiga amma ba ya barin ƙwayar komai. Wurin aidin ɗin nan ne hannun sabon ɗalibi ke rawa. In ya ɗara lokaci, washegari ya tarar da ƙwan sun yi fari fat, sun mutu. In ya gaza, bayan kwana biyu ruwan kwalba ya dagule, bakteriya ta tsira. Kuma ko ruwan ya yi garau ba a yarda da ido. Sai an ɗebi kaɗan an shuka a abincin bakteriya iri-iri, da iska da kuma inda babu iska, an kuma nemi alamar gadon bakteriya da na'ura. Kwalbar da ta nuna wani abu zubar da ita ake yi.

Wani sauƙin kuma, ɗan kifin na rayuwa da gwaiduwar ƙwansa har wajen kwana 5 ko ɗan fiye, ba ya buƙatar abinci, ke nan babu hanyar da bakteriya za ta biyo. In ana so a wuce nan sai a ba shi garin abincin da aka haska wa hasken gamma ya kashe duk wani abu mai rai a ciki. Jikinsa kuma garai-garai yake a wannan lokaci, ana ganin zuciya na bugawa, ana ganin bakteriyar da aka sa wa launi mai haske tana zaune a lungun hanji, dabbar na raye. A 2013 Misha Ahrens da abokan aikinsa suka ɗauki hoton aikin fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwar ɗan kifin a lokaci guda, waɗanda jimillarsu kusan 100,000 ce. Babu dabba mai shayarwa da za a yi wa haka.

To yanzu ki lura da wani abu, domin nan ne ake bambance aikin kirki da na garaje. Ƙwan da aka wanke ya sha magunguna uku, ya sha aidin, ya sha bilic. In aka ga ɗan kifin da ya fito yana wani hali daban, ta yaya za a san rashin bakteriya ne ya jawo ba wahalar wankin ba? Shi ya sa gwaji mai kyau ke da rukuni uku, ba biyu ba. Akwai waɗanda ba a wanke ba sam. Akwai waɗanda aka wanke aka bar su haka. Akwai kuma waɗanda aka wanke, amma washegari aka zuba musu ruwa daga tankin manyan kifaye domin bakteriya ta dawo. Rukuni na ukun nan shi ne alƙali. In halinsa ya koma irin na rukunin farko, to bakteriya ce. Takardar da ba ta da shi, ni ba na gama karanta ta.

Yadda ake auna ƙwaƙwalwar kuwa ta motsi ne. Ana sa kowane ɗan kifi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 ba, a gurbinsa a faranti mai gurabe 96 jere-jere kamar na dara. A sa farantin a rufaffen akwati mai kyamarar da ke gani cikin duhu, a kunna haske na wasu mintuna, a kashe na wasu mintuna. Lafiyayyen ɗan kifi in haske ya ɗauke kwatsam sai ya zabura ya yi ta iyo, sannan a hankali ya lafa. In hasken ya dawo sai ya ɗan tsaya cik kafin ya ci gaba. Kwamfuta na lissafa nisan da kowanne ya yi. Sinadarin da ya taɓa jijiya yakan ɓata wannan tsari, ko motsin ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Mafi yawan abin da aka sani kan haɗuwar guba da bakteriya a wannan kifi ya fito ne daga ɗakin binciken Tamara Tal, lokacin tana Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, kafin ta koma Leipzig a Jamus. A 2017 suka nuna cewa 'ya'yan kifin da ba su da bakteriya, ko ba a sa musu wata guba ba, sun fi sauran zirga-zirga a kwana na 10. In aka mayar musu da bakteriya da wuri, halin na gushewa. Abin mamaki, nau'i ɗaya tak ya isa, Aeromonas veronii ko Vibrio cholerae. E, wadda kika sani ta kwalara, a hanjin kifi zama take yi. Amma matacciyar bakteriya da aka kashe da zafi ba ta gyara komai ba. Ke nan ba ganin bakteriya kawai jiki ke buƙata ba, sai tana raye tana aiki. Kuma kifin da ke da bakteriyarsa, da aka zuba masa magungunan kashe ta, shi ma ya koma mai yawan motsi.

Sannan suka shigo da sinadarai, kuma a nan ne labarin ya ƙi tafiya yadda aka zata. A 2019 suka gwada estradayol, homon ɗin mata, wanda ke shiga koguna ta ruwan bahaya da na dabbobi. Sinadarin bai sauya jerin bakteriyar da ke jikin kifin ba. Amma ya rage motsin masu bakteriya a lokacin haske, bai taɓa motsin marasa ita ba. Da aka niƙa kifayen aka auna, sai ga shi marasa bakteriyar ne suka fi tara sinadarin a jikinsu. Ki sake karantawa: wanda ya fi ɗaukar sinadarin shi ne wanda halinsa bai sauya ba. Duk abin da aka koya miki cewa illa na bin yawan abin da ya shiga jiki, a nan bai wadatar ba, sai an tambayi su wa ke zaune a hanjin.

A wannan shekarar dai suka gwada BPA, wanda ake sa wa a wasu robobi, tare da 'yan'uwansa huɗu da kamfanoni suka fara amfani da su a madadinsa. Wanda ya fi nakasa ɗan kifin, BPAF, bai girgiza bakteriyarsa ba. Wanda ya fi rauni wajen nakasa shi, BPS, ya sauya ta. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: sinadari mai tsananin dafi na gamawa da kifin tun kafin a kai yawan da zai dami bakteriya. Amma darasin da ke ciki babba ne. Takardu sun yi yawa yanzu masu cewa an ba dabba sinadari kaza, bakteriyar hanjinta ta sauya, halinta ma ya sauya, saboda haka bakteriyar ce ta jawo. Ba haka ba ne. Abubuwa biyu sun faru tare, shi ke nan abin da aka nuna. Kusan komai na sauya bakteriyar hanji, har da sauya kamfanin abincin kifin.

Na uku shi ne tiraikulosan, maganin kashe ƙwayoyi da aka daɗe ana sa wa a sabulu da man goge baki, wanda Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu na gida a 2016. Shi kuwa abu biyu ya yi a jere. Ya kashe wasu bakteriya ya bar masu jure masa, irin su Pseudomonas, suka yawaita. Sannan a kifayen da ke ɗauke da bakteriya aka samu wani nau'in sinadarin da aka liƙa wa salfet fiye da na marasa ita. Sinadari ya zaɓi bakteriya, bakteriyar da ya zaɓa kuma ta sauya makomarsa a jiki.

Za ki ce to ta wace hanya saƙo ke tashi daga hanji zuwa kai? Biyu daga cikin amsoshi mafi tsabta a kifin nan aka gan su. A 2021 ɗakin Rawls, wanda yanzu yake Jami'ar Duke, ya nuna cewa wata bakteriya, Edwardsiella tarda, na narka tiriftofan, wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki, ta fitar da wani mai suna indol, indol ɗin ya taɓa wasu ƙwayoyi masu ji da ke bangon hanji, su kuma su saki serotonin su tada jijiyoyin hanji da babbar jijiyar nan ta vagus da ke zuwa gindin ƙwaƙwalwa. A 2022 kuma ɗakin Judith Eisen a Oregon ya nuna cewa kifin da ya yi makonsa na farko ba bakteriya, ko an mayar masa da ita daga baya, a kwana na 14 ba ya kusantar 'yan'uwansa kamar yadda ya kamata. Da aka duba gaban ƙwaƙwalwarsa sai aka ga ƙwayoyin da aikinsu shi ne datse rassan jijiya da suka yi yawa sun yi ƙaranci, rassan sun cunkushe. Wannan ya fi damuna fiye da sauran, domin yana nufin akwai wani ɗan lokaci da in ya wuce gyara na wuya. In haka ne, sinadarin da ya share bakteriyar jariri a wannan lokaci na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa ba tare da shi kansa ya taɓa shiga cikinta ba.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, shakkarki na da tushe. Manyan sinadaran da jijiyoyi ke magana da su ɗaya ne a kifi da mutum: dofamin, serotonin, gulutamet, asetilkolin da sauransu. Maganin ƙwari da ke toshe sinadarin da ke share asetilkolin a jikin mutum haka yake yi a jikin kifi. Amma kifin ba shi da ɓawon ƙwaƙwalwa mai hawa-hawa irin namu, kuma yawan iyo a duhu ba shi ne ƙiriniyar yaro ba. Duk wanda ya ce miki ya ga cutar galahanga ko ta rashin natsuwa a kifi ya wuce gona da iri. Rage motsi ma ba lallai ƙwaƙwalwa ba ne. Yana iya zama zuciya ce ta kumbura, ko jakar iskar da ke sa shi yawo a ruwa ba ta cika ba, ko ido ne bai gani sosai. Dole a fitar da duk mai nakasa kafin a yi lissafi, a kuma yi aiki da yawan sinadarin da bai kai ga nakasa ba.

Hanjin ma ba irin namu ba ne. Kifin zebra ba shi da tumbi mai tsami sam, abinci daga maƙogwaro hanji yake wucewa. Yana rayuwa a zafin digiri 28, mu 37. Bakteriyar da ta fi yawa a hanjin ɗansa daga dangin Proteobacteria take, tamu kuwa Firmicutes da Bacteroidetes ne, yawancinsu masu ƙin iska. A 2006 Rawls ya ɗauki bakteriyar hanjin ɓera ya sa wa kifi, ta kifi kuma ya sa wa ɓera, sai kowace dabba ta juya abin da aka ba ta ya karkata zuwa irin tsarin da ta saba da shi. Don haka ba a zuba wa kifi bayan gidan mutum a ce an kwaikwayi hanjin mutum.

Rauni mafi girma a ganina shi ne ruwan kansa. Ba a ɗura wa ɗan kifi sinadari a baki, a ruwa ake zubawa, ya shiga ta fata da ta baki duka. Bakteriya kuma ba a hanji kawai take ba, tana kan fata, tana yawo a ruwan, tana manne a bangon kwalba. In aka ga sinadari ya ragu a jikin kifi mai bakteriya, yana iya yiwuwa ta cikin ruwan ce ta cinye shi tun bai shiga ba. Shi ya sa masu kula ke cewa bakteriyar da ke tare da kifin, ba sa saurin cewa ta hanji. Ƙari a kan haka, kifin da ya tashi ba bakteriya ba lafiyayyen kifi ba ne da aka cire wa abu ɗaya. Bangon hanjinsa ba ya sabunta kansa da sauri, ba ya tsotsar maiƙo yadda ya kamata, garkuwar jikinsa ba ta gama farkawa ba. Bambancin da aka gani na iya fitowa daga hantar kifin ce da kanta, wadda rashin bakteriya ya sauya wa aiki.

To me ya rage? Abin da kifin ke bayarwa shi ne amsar tambaya ɗaya, da sauri da araha: shin illar wannan sinadari na sauyawa in an cire bakteriya, kuma tana dawowa in an mayar da nau'i kaza? Cikin mako biyu, da ɗaruruwan dabbobi, ana iya sanin haka. In amsar e ce, sai a nemo sinadarin da bakteriyar ke amfani da shi wajen aikin, a duba ko bakteriyar mutum na da irinsa, a koma kan ɓera, sannan kan mutane. Kifin matakin farko ne na tacewa. Ba ya gaya miki yawan abin da zai cutar da yaro.

Ina so kuma ki riƙe wani abu saboda inda muke. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. An nuna cewa dalma na sauya bakteriyar hanjin kifin zebra, gaskiya ne. Amma dalma ba ta buƙatar taimakon wata bakteriya kafin ta lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ya ceci yaran nan shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, da daina niƙa dutse a tsakar gida, da maganin da ke janye dalma daga jini. Ko gwajin da aka yi a Mwanza ta Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2014, inda aka ba mutane kindirmo mai ɗauke da bakteriyar Lactobacillus rhamnosus, abin da ya nuna shi ne zaiba da asenik ba su ƙaru a jinin mata masu ciki da suka sha ba, a yara kuwa ba a ga bambanci tabbatacce ba, kuma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Duk wanda ya zo yana tallar ƙwayar gyaran hanji da sunan maganin guba, ki tambaye shi hujja.

Inda nake ganin wannan bincike zai yi mana amfani na gaske shi ne rogo. Rogo mai ɗaci na ɗauke da linamarin, wanda shi ma, kamar saikasin, guba ce a ɗaure da sukari. In aka yanke sukarin sai sayanaid ya fito. Jiƙa rogo da barinsa ya yi tsami da shanya shi duk dabarun fitar da gubar ne kafin a ci. Inda fari ko yaƙi ya sa mutane suka gajarta wannan aiki, ga ƙarancin nama da wake a abinci, sai a ga cutar konzo, mai shanye ƙafafun yara da mata cikin ɗan lokaci ba kuma ta warkewa. An fara bayyana ta a Kwango a 1938, ta ɓarke a arewacin Mozambik a 1981, an kuma gan ta a Tanzaniya da Afirka ta Tsakiya da gabashin Kamaru. Linamarin ɗin da ya tsira ya shiga ciki, bakteriyar hanji na iya kwance shi. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan yaran Kwango ya samu cewa bakteriyar da ke iya wannan aiki ta fi yawa a hanjin yaran yankin da cutar ta fi kamari. Wannan ma haɗuwa ce kawai, ba a nuna ita ce sanadi ba.

Ga gwajin da zan so in ga ɗalibi irinki ya yi. A sami 'ya'yan kifi marasa bakteriya, a kasa su. Wasu a bar su haka, wasu a sa musu nau'i ɗaya na bakteriya mai iya yanke linamarin, wasu a sa musu wannan nau'in dai amma wanda aka cire wa ƙwayar gadon da ke yin yankan. A zuba wa kowa linamarin daidai wa daida, a auna motsi, a duba jijiyoyin da ke motsa jiki, waɗanda ake iya gani kai tsaye ta fatarsa. Kifin na jin sayanaid sosai, har an yi amfani da shi a Boston wajen neman makarinsa. Kayan da za ki buƙata ba su fi ƙarfin jami'o'inmu ba: tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyi, akwatin aiki mai tace iska, ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka, da wutar da ba ta ɗaukewa, wanda ke nufin sola da batir. Abin da zai ba ki wahala shi ne auna sinadarin a jikin kifi da kuma cikin ruwan, domin sayanaid ɗin da bakteriyar kwalba ta saki zai koma ya shiga kifin ta fata. Saboda haka ki tanadi kwalabe masu bakteriya da linamarin amma babu kifi a ciki, ki auna su a rana ɗaya da sauran, kuma tun kafin ki wanke ƙwai na farko ki daidaita da ɗakin binciken da ke da na'urar da za ta yi miki wannan awo.